Jakar Da Ta Fi Kayanta Nauyi

"Ban haife ki ba, Auta, amma ni na rage miki a matsayin uba. Kuma ba zan ɗauke ki in ba mai ɗinkin takalma ba."

Yaya ya faɗi haka yana tsaye a bakin shagonta, hannunsa duk fenti, don daga nasa shagon na kayan gini ya taso bai ko wanke ba. Auta ba ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. Bakin labule take ɗinkewa, ta ci gaba da takawa har ƙarshen layi, sannan ta ciji zaren ta ɗago.

"Yaya, ba takalma kaɗai yake ɗinkawa ba. Har jaka yana yi."

"Au, har da jaka! To sai mu tafa masa."

Shekarunta sun haura arba'in. Ta aurar da 'ya, ta binne miji, amma a bakin Yaya har gobe Auta ce, wadda ba ta san inda ke mata ciwo ba.

Mijinta, Allah ya jiƙansa, mai girki ne a jirgin ruwan dakon kaya. Rabin aurensu a jira ya ƙare. Duk dawowa sai ya zo mata da labarin wata ƙasa da ke bakin Bahar Rum, inda jirginsu ke tsayawa: gidaje farare tas a jikin dutse, itatuwan zaitun, da jirgin ƙasa mai bin gefen ruwa har mutum ya ɗauka zai faɗa ciki. Kullum yakan ce, "Sati ɗaya kawai, Auta. In na ajiye aiki zan kai ki ki gani da idonki." Ya ajiye aikin, ciwo ya kwantar da shi. Bai tashi ba.

Da shekaru suka ja, maza suka fara sallama, ta ba su amsa guda. Duk wanda zai aure ta, ya kai ta ta ga ruwan nan na sati ɗaya. Ba kwaɗayi ba ne. Alkawari ne ya faɗi ƙasa, ita kuma ba ta iya tsallake shi ta shiga wani gida.

Da yawa suka zame. Biyu suka rage. Akwai Alhaji Ɗan Kwangila, wanda ke sayen siminti a wurin Yaya mota-mota. Akwai kuma Baduku, mai shagon da ke kallon nata, wanda tun da matarsa ta rasu bai sake kallon wata mace ba sai ranar da Auta ta kai masa takalminta da ya tsinke.

"Alhaji ya ce ba sati ɗaya ba, ko wata kike so zai kai ki," in ji Yaya. "Otal mai bene, mota a ƙofa. Wancan kuwa ko tashar mota ya taɓa wucewa?"

"Ya ce zai iya."

"Baki ai ba ya biyan haraji. To ji nan. Ranar Asabar da la'asar ya zo gidana, ya faɗa a gabana, a gaban Alhaji, yadda zai kai ki ya dawo da ke ba tare da kun yi bara a ƙasar mutane ba. In na gamsu, na ba shi. In ya kasa, kar in sake jin sunansa a bakinki. Kin yarda?"

Ta dubi shagon da ke tsallaken titi, ta hango shi a sunkuye yana jan zare da haƙori.

"Na yarda, Yaya."

Yaya na ɓacewa ta rufe keke ta tsallaka. Shagon Baduku ɗan ƙarami ne, warin fata da gam ya kama ko'ina, takalman mutane jere a kan katako kamar masu jiran likita. Yana ganinta ya jawo wani abu da sauri ya rufe da buhu.

"Me kake ɓoyewa, Sarkin Fata?"

"Ba na yara ba ne, Gwana. Zauna. Na ga Yaya ya fita kamar an taka masa yatsa."

Ta zauna a kan benci ta faɗa masa komai. Tana cikin faɗa muryarta ta karye, hawaye suka zubo ba ta shirya musu ba.

"Na yarda da sharaɗinsa, kuma ban tambaye ka ba. In ka kasa fa? Wallahi ba zan iya zama da mutumin nan ba. Ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar farashi yake tambaya. Ni kuma ba zan iya saɓa wa Yaya ba, shi ya riƙe ni lokacin da kowa ya watse. Na sa kaina a tsaka mai wuya, na sa ka."

"Share hawayenki, kar ki jiƙa min fata, ta mutane ce."

Ta yi dariya cikin kuka.

"Saurara," ya ce, ya ajiye basilla. "Akwai wani ma'aikacin filin jirgi da nake gyara wa akwati, shi ya buɗe min ido. Ba za mu je lokacin zafi ba, lokacin da duniya ke tururuwa can. Sai baƙi sun watse, masu ɗakuna sun fara hamma, komai ya sauko. Kuma a tsakiyar mako za mu tashi, kujera ta fi arha. Akwai wata tsohuwa a garin da ke bakin tashar jiragen ruwa, tana ba da hayar ɗaki da ɗan madafi. Mun yi magana ta waya, ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma mun daidaita."

"Da me kuka daidaita?"

"Da dariya. Can za mu fara, ki ga inda jirgin marigayi ke tsayawa. Daga nan mu hau jirgin ƙasan nan na gefen ruwa, na talakawa, mai tsayawa kowane ƙauye. Shi ya fi arha, shi ya fi nuna gari. Mu ƙarasa a wani ƙauye na kan dutse cikin zaitun, mu juyo. Abinci kuwa, kasuwa za mu shiga. Burodi, tumatir, kifi da yamma in masu shi sun ƙosa su tafi gida. Ke ki dafa, ni in wanke kwano."

"Ka iya wanke kwano?"

"Shekara nawa ina zaman gwauro? Abu ɗaya ne kawai. Jirgin saman mai arha ba ya ɗaukar akwati. Kowa jakar hannu ɗaya, kuma akwai nauyin da ba a wucewa. Ranar Asabar ki zo da abin da za ki tafi da shi, a ƙulle a zane. Sauran ki bar min."

Ta dube shi, ta dubi buhun da ya rufe abin nan. Ba ta sake tambaya ba. Ta koma shagonta tana taku kamar wadda aka ba sarauta.

Ranar Asabar falon Yaya ya cika da ƙamshin turaren Ɗan Kwangila tun kafin ya gama shigowa. Direbansa ya biyo shi da akwatuna jajaye, babba ya haɗiye ƙarami, ƙarami ya haɗiye ƙaninsa. Aka jera su a tsakar ɗaki suna ƙyalli.

"Na Hajiya ne," ya ce yana gyara zama. "Mace ba ta tafiya kamar 'yar gudun hijira."

Anti, matar Yaya, ta shafa ɗaya ta ce, "Masha Allah, har da taya huɗu." Sannan ta saci kallon Auta, ta janye hannu.

Baduku ya zo a ƙafa, da farar riga mai karin guga, buhu a hammata. Ya durƙusa ya gaida Yaya, ya miƙa wa Ɗan Kwangila hannu, aka ba shi yatsu biyu. Yaya ya ce, "Muna jin ka."

Ya faɗi tsarinsa tiryan-tiryan, bai yi in-ina ba. Yaya ya yi ta jefa masa tambaya kamar mai neman ɓaraka a bango. Biza fa? Ya riga ya bi ya ji abin da ake nema. In ɗayansu ya kwanta ciwo? Akwai inshora a cikin tsarin. In tsohuwar ta fasa? Akwai ƙanwarta a layi na gaba. Auta na zaune a gefe kanta a ƙasa, amma zuciyarta tsaye take ƙyam. Ji take kamar ta leƙa titi ta kira mutane su zo su ji.

"Wato dai," in ji Ɗan Kwangila, "za ka kai amarya ƙasar waje ta yi maka girki."

"Za ta ci abin da ta san yadda aka yi shi, Alhaji."

Sai ya buɗe buhun.

Jaka ce ta fata mai kauri, ja kamar garwashi, ɗinkin hannu layi biyu ba inda ya karkace. Ya sa mata maɗaurai na tagulla, ya yi mata gindi da katako don kar ta lanƙwashe, ya shimfiɗa wata fatar mai laushi a ciki, da aljihu a kowane gefe. A jikin murfin ya zana ganyen zaitun, shi da bai taɓa ganin itacen ba sai a waya.

"Kai!" in ji Anti. "Wannan ai sai a ajiye a kabad ana kallo."

Auta ta karɓa da hannu biyu. A nan ta ji hannunta ya ɗan sauka, amma farin ciki bai bar ta ta yi tunani ba.

Yaya kuwa mutumin sikeli ne, rayuwarsa duk a awon ƙusa ta ƙare. Ya karɓi jakar ya jinjina ta sau biyu, ya ce, "Ka ce akwai nauyin da ba a wucewa?"

"Akwai, Yaya."

"Maman yara, ɗauko min sikelin nan na rataye."

Aka kawo. Baduku ya nuna iyakar da yatsa, Yaya ya ja layi da alli a wurin. Ya rataya jakar, babu komai a cikinta.

Allurar ta tafi, ta tafi, sai da ta wuce rabin hanya ta tsaya.

Ɗan Kwangila ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Jakar ce za ta yi tafiyar, Hajiya ta tsaya gida! Malam, kai da aka ce ka yi jirgi sai ka yi masa rufin kwano!"

Baduku ya ƙura wa allurar ido. Lokacin ɗinki ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya auna zurfi, bai kuskure ko ɗaya ba. Nauyi ne bai taɓa zuwa masa a rai ba, don a sana'arsa jaka mai nauyi ita ce jakar kirki. Auta ta ga kunnensa ya yi ja. Da ƙasa za ta tsage da ita ta fara shiga, ba don kunya ba, don tausayi.

"Zuba kayanki," in ji Yaya.

Ta kwance zanen ta zuba. Da ƙyar murfin ya rufu. Allurar ta tsallake layin alli ta yi gaba abinta.

Yaya ya sauke numfashi. "To. Magana ta ƙare, ko? Tun a nan an kasa, ina ga can."

"Yaya, ba ni minti kaɗan."

Baduku ya zazzage kayan a kan zane, ya zauna a ƙasa ya ɗora jakar a cinya. Ya zaro 'yar wuƙarsa ta aiki daga aljihu.

"A'a!" Auta ta miƙe. "Kar ka taɓa ta! Don Allah kar ka taɓa ta, na san daren da ka hana idonka barci a kanta!"

"Gwana, jaka na yi miki don ki tafi, ba don ki zauna ba."

Ya sa wuƙa. Ya farke ɗinkin ciki ya zare fatar nan mai laushi. Ya ɓalle katakon gindi. Ya cire tagulla ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi a siminti da ƙara. Aljihunan suka bi. Da ya zo kan murfin mai ganyen zaitun ya ɗan tsaya, sannan ya yanke shi, ya miƙa wa Anti.

"Ga na kabad ɗinki, Anti."

Anti ta karɓa tana share ido da bakin mayafi. Ko Ɗan Kwangila ya daina dariya. Abin da ya rage a cinyar Baduku wani buhun fata ne mara fasali, an zarge bakinsa da igiya. Ya mayar da kayan ya miƙa wa Yaya da kansa.

Allurar ta sauko sosai. Amma ta tsaya a saman layin, da ɗan yatsa biyu.

"Har yanzu," in ji Yaya, muryarsa ta yi ƙasa. "Auta, me kika cusa a ciki haka? Dutse?"

Ya zura hannu ya lalubo, ya jawo wani abu baƙi mai kauri daga ƙasa. Ya warware. Rigar sanyi ce irin ta ma'aikatan jirgin ruwa, doguwa, gwiwar hannunta ta goge, wuyanta ya koɗe.

Yaya ya san ta. Tare suka tashi da mai ita, shi ya haɗa aurensa da Auta. Ya riƙe rigar da hannu biyu.

"Tasa ce," Auta ta ce, hawaye na bin fuskarta, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Ba zan tafi in bar ta ba. Ban san yadda zan faɗa muku ku gane ba. So nake in tsaya da ita a bakin ruwan nan, shi ke nan. Ya ce zai kai ni, bai samu iko ba. To ni in kai abin da ya rage nasa. A cire min komai, a cire takalmi, a cire zane, in yi satin da kaya ɗaya, amma ban da ita."

Ɗan Kwangila ya gyara murya. "Hajiya, a yi haƙuri, wanda ya tafi ya tafi. A nawa tsarin akwai wurin kaya, amma gaskiya ba zan ɗauki amarya da rigar wani a akwatina ba. Can akwai kantuna, in saya miki sabbi goma."

"Ka sa rigar a cikin taka jakar mana," Anti ta ce wa Baduku da sauri.

"Tawa ta cika, Anti, har da butar shayi. Amma akwai abin da mutumin filin jirgi ya faɗa min. Jaka suke aunawa. Abin da ke jikin mutum ba sa aunawa."

"To zan sa ta," in ji Auta.

"Ke?" in ji Baduku. "Ki share musu filin jirgi da ita? Yaya, miƙo min."

Yaya ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙa.

Baduku ya miƙe tsaye ya zura hannu ɗaya, ya zura ɗayan, a cikin zafin nan da ko fanka ta gaza. Rigar ta sauko masa har ƙasan gwiwa. Kafaɗun suka zube, hannuwan suka haɗiye yatsunsa. Marigayi dogo ne ƙaƙƙarfa, shi kuwa ɗan firit ne kamar basillarsa.

"La'ilaha!" in ji Ɗan Kwangila. "Za ka shiga jirgi da rigar wanda ya riga ka? Kai ba ka da kishi ne, Malam?"

"Kishi da wanda ke kwance, Alhaji? Shi ya yi alkawari, ni zan cika. Ai gara mu tafi tare."

Auta ta toshe baki da mayafi. Ta ga maza a rayuwarta, masu mota da masu bene, amma ba ta taɓa ganin wanda ya cika mata ido kamar wannan ɗan siririn da ke tsaye cikin rigar da ta fi ƙarfinsa, gumi na tsiyaya daga haɓarsa ba. Ta juya ta dubi Ɗan Kwangila ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Alhaji, na gode da akwatuna. A mayar, kar su yi ƙura."

"Auta!" in ji Yaya.

"Yaya, na yarda da sharaɗinka, kuma ina kan bakana. Kai za ka yanke. Amma ka yanke kana kallonsa."

Ɗan Kwangila ya miƙe yana kaɗa makullin mota, ya dubi Yaya. "Malam, ka yi tunani da kyau. Masu sayar da siminti suna da yawa a garin nan."

Maganar ta faɗo tsakar ɗaki kamar bulo. Kowa ya san rabin cinikin Yaya daga hannun mutumin nan yake fitowa. Anti ta dafe ƙirji.

Yaya bai dubi Ɗan Kwangila ba. Ya tako a hankali har gaban Baduku, ya kama hannun rigar da ke reto, ya murza shi tsakanin yatsunsa.

"Ta yi maka yawa," ya ce.

"Na sani, Yaya. Ban ce zan cika ta ba. Kai ta kawai zan yi."

Yaya ya saki hannun rigar. Ya juya baya ya fuskanci bango, ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, kamar mura ce ta kama shi yanzu-yanzu. Ba wanda ya motsa.

Da ya juyo idonsa ja ne.

"Alhaji, Allah ya ba ka mai siminti na kirki. Direbanka ya zo ya kwashe kayan nan, sun tare min hanya."

Sannan ya nuna Baduku da yatsa.

"Kai kuma cire rigar nan kafin ka sume min a falo, in rasa wanda zan ba ƙanwata. Ka turo manyanka."